Bahaguwa a Ɗakin Naɗi

A masana'antar fanka da ke bayan gadar jirgin ƙasa, babu wanda ya san ta da wani suna sai Bahaguwa. A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta shida kuma ta ƙarshe a wajen uwarta. Amma ranar da ta fara aiki aka ga ta ɗauki almakashi da hagu, wata daga cikin matan ta yi dariya ta faɗi sunan, shi ke nan ya manne mata. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin ta, har manajoji da shi suke kiran ta.

Tun tana yarinya ita mutum ce mai tafiya a zaune. Sai a aike ta sayo gishiri, a yi ta jira har tukunya ta tafasa ta gaji, in an bi sawu a tarar da ita a bakin shagon mai gyaran rediyo, ta kafa wa hannunsa ido, ta manta abin da ya fito da ita. Innarta takan ce wannan yarinya gangar jikinta ce kawai a gidan, sauran yana can inda Allah kaɗai ya sani. Ba ta da rashin ji, ba ta da ƙiwa, hankalinta ne dai ba ya zama inda aka ajiye shi. Da ta gama sakandare jarrabawa ba ta yi kyau ba, aka tura ta wajen Yayarta mai ɗinki ta koyi sana'a. Wata huɗu ta yi a shagon ba ta fitar da wuyan riga daidai ko sau ɗaya ba, amma ta kwance keken ɗinkin sau uku ta mayar, kuma kowane karo sai ya ƙara gudu. Yaya ta gaji, ta ce wa mijinta ya nema wa ƙanwarta wani wuri kafin ta kwance musu rufin shago.

Mijin Yaya shi ke kula da sito a masana'antar fanka. Shi ya kawo labarin ana ɗaukar mata su riƙa sa fanka a kwali. Inna ta yi kwana biyu tana juya maganar, sannan ta ce to, ai kwali ba ya cizo.

Wurin matan a can ƙarshen ginin yake, kusa da ƙofar da motoci ke lodi. Su goma sha biyu ne a tsaye gaban dogon tebur, wata ta lulluɓe fuka-fukai da takarda, wata ta zuba kusoshi a leda, wata ta rufe kwali ta manne. A ƙasa akwai wani jan layi da aka ja da fenti daga bango zuwa bango. Ba a rubuta a ko'ina cewa mace ba ta tsallake shi ba, amma ba wadda ta taɓa tsallakewa. Daga can ake ƙera fanka, daga nan ake rufe ta.

In an busa jiniyar hutun rana, sauran mata su baje abinci a kan kwali su shiga hira, ita kuwa ta ɗauki burodinta ta je ta tsaya a bakin layin, daidai inda ake hango ɗakin naɗi. A nan ake naɗa siririyar wayar tagulla da ke juya fanka, abin da ma'aikata ke kira koyil. Ɗaki ne mai tsawo, da tagogin gilashi a rufinsa. In rana ta take sai haske ya zubo a tsaye ya sauka a kan dunƙulen waya, ɗakin duka ya yi jawur, kamar rana na faɗuwa a cikinsa alhali a waje tana tsaka. Wayar ba ta fi gashi kauri ba. In inji na jan ta ba ka ganin ta, sai wani ɗan ƙyalli da ke rawa a iska. Auta takan tsaya tana kallo har burodin ya bushe a hannunta.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne maras yawan magana, ana ce masa Baba Mai Tabarau. Wata bakwai yana ganin ta a wurin bai ce mata uffan ba. Ran nan ya tsamo wani dunƙulen waya daga kwandon shara, wanda ya faɗi ƙasa ya cukurkuɗe, ya tako har inda take ya miƙa mata.

"'Yata, tunda kallo ba ya gundurar ki, ga wannan. Ki warware mini, kada ki tsinka."

Kwana uku ta yi a kansa, a hutun rana kawai, matan na yi mata tsiya wai tsoho ya ba ta shara ta karɓa da hannu biyu. A na huɗu ta kawo masa wayar a naɗe a jikin gwangwanin madara, sumul. Ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe yana neman inda aka ƙulla, bai samu ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya nufi ofishin manaja. Abin da suka tattauna ba ta taɓa ji ba, sai dai masu aiki kusa da ofishin sun ce an daɗe ana jiyo muryar dattijon, abin da ba a saba ba. Litinin da ta biyo baya Auta ta tsallake jan layin.

Ba wanda ya yi mata lale. Mazan ba mugaye ba ne, abin ne ya zo musu baƙo, sai suka mai da shi wasa. Wani ya ce daga yau fankokin za su fara surutu. Wani ya tambaye ta ko kitso za ta yi wa koyil ɗin, ta ce masa ai dama kitson ne, in ya sa ido zai koya. Rigar aikin da aka ba ta don ƙato aka ɗinka ta, sai da ta naɗe hannun sau uku, ƙafar wandon kuwa tana share ƙasa. Safar hannu yatsunta biyu sai su shige gurbi ɗaya. Banɗakin mata ɗaya ne tak, a can ginin ofis, tafiyar minti bakwai, dawowa minti bakwai, kuma sai an bi ta gaban masu fenti. Ta koya wa kanta rashin shan ruwa daga safe har a tashi.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne injin kansa. Mariƙin da ake ja a tsayar da shi a dama yake, don haka kullum hannuwanta a gicciye suke, waya ta yi ta tsinkewa. Sati biyu ana haka, har ta fara tunanin ko kwalin ne dai rabonta. Wata safiya ta zo ta tarar mariƙin ya koma hagu. An huda sabon rami, an ɗaure da noti biyu masu ƙyalli. Ta waiga, Baba Mai Tabarau na can yana duba wata takarda kamar bai san abin da duniya ke ciki ba. Maigadi ne ya gaya mata dattijon ya zo ranar hutu shi kaɗai da akwatin kayan aikinsa. Da ta je yi masa godiya ya ce wane mariƙi, ta koma bakin aikinta kada a ce yana hira da ma'aikata.

Daga nan hannunta ya buɗe. Aikin ya dace da ita ta wata fuskar da ba wanda ya zata. Naɗi yana son hannu mai natsuwa da ido mai kula, amma yakan ƙyale zuciya ta yi yawonta. Yatsunta na bin waya, ita kuwa tana can tana bin fankar zuwa inda za ta. Takan ga wani ɗaki da ba ta taɓa shiga ba, labule na motsi, jariri na barci ya buɗe tafin hannu. Takan ga ɗakin jarrabawa, yara sun danne takardu da gwiwar hannu kada iska ta kwashe. Takan ga wani tsoho a gadon asibiti ya zuba wa rufi ido yana bin juyin fuka-fukai har barci ya sace shi. Wani lokacin har launin bangon take gani. Da koyil ya cika injin ya yi ƙas, ta dawo, ta yanke, ta ɗaura wani, ta sake tafiya.

A bayan ɗakin naɗi akwai ɗakin gwaji, inda ake rataye fanka ɗari da ashirin a kunna su awa guda kafin a kai su kwali. Ba mai son zama a ciki, don iskar tana ɗauke hula. Nan ta mai da wurin hutunta. Takan zauna a kan akwati a tsakiyar ɗakin, iska na zuwa ta kowace kusurwa, ƙarar fankokin ta haɗu ta zama ɗaya, kamar ruwan sama na tahowa daga nesa bai iso ba. In ta rufe ido sai ta ji ginin ya saki ƙasa a hankali ya tashi da ita, ya wuce gada, ya wuce rufin gidaje, tana hango shanyar Inna ƙarama a ƙasa. Jiniya ce ke sauko da ita.

Wannan hali nata ne ya haɗa ta da mijinta. Shi ne direban bas ɗin kamfani, kuma kullum in an tashi ita ce ƙarshen fitowa. Sai ya ƙirƙiri dalili, yau ya sauka yana duba taya, gobe yana goge madubi, ma'aikata na ta ƙorafi a ciki, har ta fito tana tafe kamar mai tafiya cikin barci. Wata shida yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Mijin Yaya ne ya gano, ya ce masa in magana ce a cikinsa ya fito da ita, kada ya cinye tayar da ido.

Surukarta ba ta so abin ba da farko. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mace da baƙin mai a ƙarƙashin farce ba, kuma me mutane za su ce, mace ɗaya tal cikin maza arba'in. Direba ya ce ai shi ke kai ta, shi ke dawo da ita, in akwai abin faɗa shi zai fara gani. Tsohuwar ba ta sauko ba sai wani lokacin zafi da fankar ɗakinta ta tsaya. Auta ta taka kujera ta sauke ta, ta kwance a tsakar ɗaki, ta tafi da koyil ɗin washegari ta dawo da shi sabo. Daga ranar, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata rufi an ce aikin matar ɗana ne.

Haihuwa ce ta kusa raba ta da aikin. Ta farko, mace, ta koma aiki yarinyar na wata uku. Da rana ta yi sai ƙirjinta ya cika ya yi tauri, nono ya jiƙa rigar aiki, ta riƙa kare gabanta da faranti. Inna, da ciwon gwiwarta, takan ɗauko jaririyar ta kawo bakin ƙofa a hutun rana. Babu wurin zama sai ɗakin maigadi. Bawan Allahn nan, da ya hango su tafe, sai ya ɗauki kujerarsa ya fita ya zauna a rana ya juya baya, ba ya dawowa sai ya ji tarin Inna. Wata takwas yana haka, ba wanda ya sa shi.

Da ta haifi na biyu Inna ta riga ta kwanta ciwo, babu mai kawo yaro. Auta ta ajiye aiki. Wata biyar ta yi a gida. Tana son 'ya'yanta, tana jin daɗin barcin safe, amma mijinta ya lura in tana zaune shiru yatsun hagunta na motsi su kaɗai a kan cinyarta, suna bin wayar da babu. Wata ranar hutu da hantsi aka yi sallama, sai ga Baba Mai Tabarau da lemo a leda. Ya zauna da Direba a ƙofar gida, suka yi hirar taya da ruwan sama. Sai da ya miƙe zai tafi ya ɗaga murya yadda za a ji daga ciki.

"Injin nan na hagu dai ba wanda ya iya shi. Na sa an rufe shi da buhu saboda ƙura. Ba sauri nake ba, yana nan."

Surukarta ce ta fara magana bayan tafiyarsa. Ta ce a kawo mata yaran, ita me take yi da rana ban da sauraron rediyo. Auta ta koma.

Shekara ashirin da huɗu ita kaɗai ce mace a bayan jan layin. Dattijon ya yi ritaya, bayan shekara biyu ya rasu. Sau biyu aka sa sabon shugaban ɗaki, kuma duka biyun ita ta koya musu yadda ake riƙe waya. Na biyun har kunyar haɗa ido da ita yake ji. Ta shiga ɗakin gwaji ta zauna a kan akwatinta, don ta daɗe da sanin iskar wurin tana busar da ido kafin kowa ya gani. Da ta gaya wa mijinta a hanyar gida, ya yi ta faɗa shi kaɗai har ya wuce kwanar gidansu, ita ce ta koma ba shi haƙuri.

Tana da shekara arba'in da biyar aka kawo wata sabuwar injiniya, yarinya siririya mai saurin tafiya, wadda ba ta girmi 'yarta da yawa ba. Lokacin samari sun fara guje wa aikin naɗi, wai yana cin ido, kamfani kuma na neman hannu. Injiniya ta ce me zai hana a ɗauki mata. Aka zo da mai hoto, aka sa Bahaguwa ta tsaya gaban injinta ta yi murmushi, aka kafa hoton a babban allo a bakin ƙofa. Ita kanta in bas ya iso takan sunkuyar da kai, Direba kuwa sai ya danna oda ya gai da allon. Mata ashirin da shida aka ɗauka. Bayan wata uku, biyar suka rage.

Injiniya ta same ta a ɗakin gwaji, ta tsaya tana riƙe da takardunta kada su tashi.

"Mama, ki gaya mini gaskiya. Me muka yi musu suka tafi?"

Bahaguwa ta daɗe tana kallon ta. A shekara ashirin da biyar ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan tambaya, har ba ta san ta ina za ta fara ba.

"Ba ya faɗuwa da baki, 'yata. Gobe ki bar motarki a gida, ki hau bas tare da mu. Ki sa riga irin tamu, ki sha ruwa kofi biyu da safe. Sauran za ki gani."

Yarinyar ta zo kuwa. A cikin bas ta ga wata daga cikin biyar ɗin tana leƙen taga, ta bar 'yarta a ƙofar makarantar da ba a buɗe ba tukuna, don jiniya ƙarfe bakwai ce, makaranta kuwa sai bakwai da rabi. Ta sa rigar aiki ta ɓace a cikinta. Ta zauna a kan benci ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba, kafin awa biyu bayanta ya riƙe. Wajen ƙarfe goma ruwan nan ya yi aikinsa, Bahaguwa ta nuna mata hanyar ginin ofis. Da ta bi ta gaban masu fenti, ba su gane ta a cikin rigar ba, wani ya yi mata fito, wani ya faɗi abin da ba ya maimaituwa. Ta dawo fuskarta a murtuke, ta zauna, ta ciro biro ta fara rubutu a bayan takardar aiki.

Ba a rana ɗaya abubuwa suka gyaru ba, kuma ba duka ba. Banɗaki ya ci wata huɗu kafin a gina shi a gefen ɗakin naɗi. Aka yanke ƙafafun wasu bencuna. Aka yarda masu kai yara makaranta su fara ƙarfe takwas su tashi a makare. Wani ƙaramin sito da ake tara tsofaffin kwalaye aka share, aka sa labule da kujera biyu da fanka, ya zama ɗakin masu shayarwa. Rigunan aiki kuwa Yaya aka ba wa ɗinkin, ta zo da tef ta auna kowa, tana cewa ashe kwance mata keke da aka yi ta yi zai yi rana. Wurin renon yara da Injiniya ta nema, manya suka ƙi, ta sake nema suka sake ƙi, har yau ba a yi ba.

Maganar masu fenti Bahaguwa ba ta jira ofis ba. Ta san mai fiton tun yana sabon shiga. Ta same shi a hutun rana a gaban abokansa, ta gaishe shi da kyau, ta tambayi matarsa, ta tambayi babbar 'yarsa, ta ce ai ta ji yarinyar ta kusa gama makaranta, in tana son aiki a turo ta, hanyar gaban masu fenti za ta riƙa bi kullum. Ta yi masa sai an jima. Ba a sake jin fito ba.

Sauran aikin a ƙafa ta yi shi. Ta karɓi adireshin waɗanda suka tafi, ranakun hutu Direba ya ɗauke ta a babur suka riƙa bin su gida-gida. A wasu gidajen ba da matan take magana ba, da uwa ne ko miji ko uba. Ba ta iya dogon bayani ba. Takan ce musu kawai su zo su gani da idonsu. Wani uba, tsohon malamin makaranta mai taurin kai, ya zo da sandarsa ya tsaya awa guda a bakin ɗakin naɗi, daidai lokacin da hasken nan ke zubowa. Da zai tafi ya tambayi ƙarfe nawa bas ke wucewa ta unguwarsu. Cikin matan da suka tafi, goma sha ɗaya suka dawo. Wasu sun ce sun gode amma sun sami abin da ya fi musu, ta ce Allah ya sa albarka, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Shekarar da ta biyo baya aka ba ta shugabancin ɗakin. Ta yi murna, sai dai ta yi kewar injinta, don shugaba ba ya samun damar tafiya a zaune, kowane minti da mai kiran sa. Ta so 'yarta ta shigo aikin, yarinyar ta ce ita ta shaƙi warin waya a jikin rigar uwarta ya ishe ta har abada, ta tafi ta karanta aikin jinya. Abin ya ɗan sosa mata rai, sannan ya wuce.

Yatsun ne suka fara gajiya. Gaɓoɓin suka kumbura, da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su lanƙwasa. Ta yi ritaya tana da hamsin da ɗaya, ta bar mata talatin da huɗu a ɗakin naɗi, biyu a wajen walda, ɗaya a fenti. Injiniya ta roƙe ta ta riƙa leƙowa duk Alhamis ta zauna da sababbi, ta ce to, dama zaman gida ya fara sa ta yi wa Direba gyaran abin da bai lalace ba.

A cikin sababbin bana akwai wata mata da ta haura arba'in, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Shekara ashirin tana sayar da kifi a kasuwa, hannunta ya saba da wuƙa da ƙanƙara, ya yi kauri ya faffashe. 'Yan matan da aka ɗauka tare da ita suna ce mata Goggo. Ranar Alhamis ɗin farko ta tsinka waya sau goma sha ɗaya kafin hutun rana. A na ƙarshen ta ɗora hannuwanta a cinya ta zuba musu ido, hawaye na ɗiga a kansu.

Bahaguwa ta dafa kafaɗarta ta ce su fita shan iska. Suka zauna a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ginin. Ba ta yi mata maganar waya ba. Ta tambaye ta yadda ake gane kifin jiya da na yau, matar ta share ido ta fara bayani, daga nan ta shiga labarin mijinta, yadda yake waƙa in yana wanka da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan, da yadda har yanzu takan ajiye masa kofi in ta dafa shayi. Hadari ya haɗu a gabas suna zaune, iska ta fara zubo musu ganye a cinya. Bahaguwa ta kamo hannun matar ta juya shi, ta dube shi da kyau.

"'Yar'uwa, hannun da ke cire ƙayar kifi ba tare da ya ɓata tsoka ba, ba waya ce za ta gagare shi ba. Ƙarfi kike sa mata. Ki bar ta ta wuce ta tsakanin yatsunki, ke dai rakiya ce taki."

Yayyafi ya kore su suka koma ciki. Matar ta zauna, ta ɗaura waya, ta tayar da inji. Ta yi nisa fiye da kowane karo, har 'yan matan suka tsaya kallo, sannan wayar ta tsinke. Ta dubi guntun da ke lilo a hannunta, ta dubi Bahaguwa, sai dariya ta kufce mata, irin ta matan kasuwa mai cika ɗaki. Ta ce gobe ma rana ce, ta miƙa hannu ta jawo bakin wayar.

Ruwa ya sauko sosai a kan tagogin rufi. Bahaguwa ta ja kujera kusa da ita ta zauna, ta ce wa wata yarinya ta leƙa waje ta gaya wa tsohon da ke jiran ta a babur ya shigo ɗakin maigadi ya fake, don ba yanzu za ta fito ba.